Allon da Ya Yi Baƙi Ranar Juma'a

Gumel,
9 ga Yuni, 1997.

Zuwa ga maigidana, Baban Lovelyn,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, Legas kuma ba ta ramar min da kai ba. Ni lafiyata lau, sai ɗan ciwon baya na kujerar ofis. Saƙo ya zo daga Mangu cewa Lovelyn da Kaka suna nan ƙalau, wai 'yarka ta ce ba ta shan gwate sai an sa nama. Halin wa ta ɗauko, ka sani.

Damina ta sauka. Malam Ya'u direba yana ta kawo takardun rijiyoyi daga Sule Tankarkar da Ɗanzomo da Gagarawa, rabinsu a jiƙe, ni kuma ina ta bugawa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Dabarar nan da ka haɗa kafin ƙungiya ta ɗauke ka zuwa babban ofis, wai kana Legas ka shigo kwamfutar Gumel ta layin waya ka kwashe rahoto, gaskiya ban yarda za ta yi ba. Ranar Juma'a da kowa ya tafi masallaci, ofis ya zama ni kaɗai, na rubuta JIRA a baƙin allo yadda ka nuna min, na danna babban maɓalli, na naɗe hannu. Can sai wayar ta yi ƙara, modem ɗin, ɗan akwatin nan da ke haɗa kwamfuta da waya, ya yi kukansa mai ban haushi. Sai ga haruffa suna fitowa a gabana, ba wanda ya taɓa komai. Na kusa faɗowa daga kujera.

Amma nan da nan na gane ka. Wa ke rubutu da yatsa biyu in ba kai ba? Ka danna haruffa biyu tare, ka tsaya, ka koma ka goge, ka sake. Babban ma'aikacin kwamfuta ke nan! Da ka gama kwasar rahoton ka rubuta "Maman Lovelyn, kin ci abinci?" sai na ji hawaye. Tun da ka tafi ba wanda ya yi min wannan tambayar. Na amsa maka, amma layin ya yanke kafin na san ko ka gani.

Ruwa na sauka layin sai ya yi ta yankewa. Ka rubuto ka gaya min abin da za a yi. Iya Kyauta mai gidanmu tana gaishe ka.

Taka,
Justina.

Legas,
23 ga Yuni, 1997.

Zuwa ga matata, Maman Lovelyn,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Wasiƙarki ta same ni lafiya. Na karanta ta a ofis, na sake karantawa a bas, saura kaɗan na wuce tashata. Na ga amsarki ranar, kin ce kin ci ɗanwake. Yatsu biyun nan kuwa da su na rubuta miki wasiƙun neman aure, ban ji kin yi ƙorafi a lokacin ba.

Maganar layi. Abin da kike rubutawa a baƙin allo kamar aiken mutum ne: kalmar farko ita ce aiken, abin da ya biyo baya shi ne yadda kike so a yi shi. Bayan JIRA ki bar fili, ki sa 'yar sandar nan da ke jingine, sannan ki faɗi abin da kike so. In sama ta haɗa hadari, ki rubuta JIRA /2400. Wannan yana rage gudu. Abin zai yi nawa, amma ba zai riƙa yankewa ba. In gari garau ne ki sa /9600. Ni ma a nan ina rubuta KIRA, na bi ta da lambar da ta yi daidai da taki, na ƙara /F don a cire launi, saboda fari da baƙi ya fi sauƙin ɗauka a layi.

Akwai wani kuma, /R. In mai kira ya sa shi, allon wancan ɓangaren sai ya rufe, maɓallai su daina aiki har ya gama. An yi shi ne don ofisoshin da ba a so wani ya ga abin da ake yi. Mai jira ma yana da nasa, /H, wanda ke hana a rufe masa. Na gaya miki ne kawai don ki sani. Ke ba ki buƙatarsa, domin ni ba zan taɓa rufe miki allo ba. Ranar Juma'ar nan ita ce kaɗai nake jin ina da gida.

Maman Lovelyn, garin nan cike yake da mutane amma ba mai gaishe ka. Ban da Edward, abokinmu na Kafanchan da ya tsaya min ranar aure, ba ni da wanda nake Hausa da shi. Na yi tunani, ki ajiye aikin nan ki taho. Ɗaki ɗaya ne, amma za mu san yadda za mu yi. Ki yi addu'a a kai, ki ba ni amsa.

Ki gaishe da Iya Kyauta da Malam Ilu shugaban ofis.

Naki,
Hezekiah.

Gumel,
8 ga Yuli, 1997.

Baban Lovelyn,

Ina gaishe ka da kyau. Lafiyata lau, zazzaɓi ya ɗan taɓa ni amma ya sake ni. Dabarar 2400 ta yi. Juma'ar da ta wuce ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, layin bai yanke ba, ka gani da idonka.

Da gangan ban ba ka amsa a allo ba, don ba maganar da za a yi ana tsoron yankewar layi ba ce. Na yi addu'ar, amsata kuwa a'a ce. Haba Baban Lovelyn, na ajiye aiki na je na zauna a ɗaki ɗaya ina gadin bokiti? Ka fita da asuba ka dawo bayan magariba, ni na yi hira da wa, da bango? A nan ko ba komai ina da aikina. Ni na san kowace rijiya daga Maigatari har Gagarawa da sunan garinta. Kai aka ɗauke, ba ni na tafi ba. In akwai wanda zai nemi canji, kai ne.

Kada ka ɗauka daɗi nake ji. Na tashi ni kaɗai, na dafa abincin mutum ɗaya, na ci a tsaye. Ran Lahadi in an tashi daga sujada kowa ya kama hannun iyalinsa, ni na kama Littafina. Amma a'a ɗin tana nan.

Ran Alhamis Malam Ya'u ya rage min hanya zuwa kasuwar Maigatari, na saya maka yadi wajen wani Bazabarme. Yana nan cikin akwati sai ka zo Kirsimeti.

Kada ka yi fushi. In ma za ka yi, ka yi shi a allo ina gani.

Taka,
Justina.

Gumel,
4 ga Agusta, 1997.

Baban Lovelyn,

Ina fata kana lafiya. Ni dai ga ni nan.

Ban sami amsar wasiƙata ba, amma na sami amsa. Juma'ar da ta biyo bayan lokacin da na san ta isa hannunka, na rubuta JIRA na zauna. Waya ta yi ƙara, modem ya yi kuka, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Na ɗauka wuta aka ɗauke, na ɗaga kai na ga fanka tana juyawa. Na danna maɓallai, shiru. 'Yan fitilun modem kuwa suna ta ƙiftawa, wato kana ciki kana aikinka. Da ka gama allo ya dawo, rahoto ya tafi, ko sannu babu.

Na ce wataƙila kuskure ne. Juma'a ta gaba ma haka, wadda ta biyo ta ma haka.

Ba sai na tambayi kowa ba, kai da kanka ka koya min. /R ne. Ba ya shiga da kansa, sai mutum ya sa yatsa ya rubuta shi. Wato ka zauna a Legas, ka bar fili, ka sa 'yar sanda, ka sa harafin, kana sane da cewa ina zaune a nan. Wasiƙar da ka ce ba za ka taɓa yi min haka ba tana cikin Littafina.

Don na ce ba zan ajiye aiki ba? To ka zage ni mana. Ka rubuta min baƙar magana, na karanta na rama. Amma ka shigo inda nake ka rufe min ido, ka gama abin da ya kawo ka ka fita, wannan ya yi min ciwo, Hezekiah. Ban taɓa jin kaɗaici irin na cikin ofishin nan ba, ga ka a kusa kuma ba ka.

Na roƙi Malam Ilu ya bar ni na kira babban ofis da baki. Ya yarda don ya ga fuskata. Wata mace ta ɗauka ta ce ba ka kan kujerarka, ta ajiye. Ban sake roƙo ba.

Na san akwai /H, ban manta ba. Amma ba zan ɓalle ƙofar da mijina ya rufe da hannunsa ba. Kai ka rufe, kai za ka buɗe.

Justina.

Gumel,
25 ga Agusta, 1997.

Hezekiah,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki akwai.

Har yau ba wasiƙa, allo kuma yana nan yadda ka bar shi. Malam Ya'u ya gaji da zuwa gidan waya dominna, yanzu in ya dawo sai ya kau da kai kawai. Gero ya yi kai a hanyar Sule Tankarkar, kowa na murna, ni ko abinci ba ya min daɗi. A coci matan zumunta sun fara tambayata labarinka da wata irin murya. Ɗaya ma ta ce min wai Legas ba a barin namiji shi kaɗai. Maganar ta bi ni har gida.

Ba ni da ƙarfin zaman jiran mutumin da ba ya son ganina. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin aljihun tebur, ƙarshen Satumba zan miƙa ta. Ba Legas zan zo ba. Mangu zan tafi gidan Baba, na ɗauki 'yata, in ya so dattawan coci su kira ka ka yi musu bayanin da ka ƙi yi min. Na riga na ɗaure jaka.

Ka ga abin dariya? Aikin da na ƙi bari dominka, ga shi zan bar shi saboda kai.

Justina.

Gumel,
6 ga Satumba, 1997.

Baban Lovelyn,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Yaya hannun? Yaya jikin? Allah ya ba ka lafiya, ya kuma shirye ka.

Iya Kyauta ce ta ga jakar a bayan ƙofa. Ta zaunar da ni ta sa na faɗa mata komai, har da maganar haruffa, duk da ba ta taɓa ganin kwamfuta ba. Ta tambaye ni ko akwai yadda zan yi na gani. Na ce akwai, amma ba zan yi ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, za ki kashe aurenki a kan abin da ba ki gani ba, alhali ganin yana hannunki? Girman kai ne wannan, ba haƙuri ba." Na ji haushinta ƙwarai, ranar ko sallama ban yi mata ba.

Jiya Juma'a da kowa ya watse zuwa masallaci, na zauna na rubuta JIRA /2400 /H. Sai da na goge na sake kafin ya fito daidai. Waya ta yi ƙara, allo bai rufe ba.

Kafin a gama layin farko na san ba kai ba ne. Rubutu ne mai sauri, sumul, ba tsayawa ba gogewa, na mai yatsa goma. Na sa hannu na rubuta, "Wane ne wannan?" Ɗan ɗigon nan da ke nuna inda rubutu zai fito ya tsaya yana ƙiftawa, har na ɗauka za a yanke. Can sai ga shi: "Madam, Edward ne. Ki yi haƙuri."

Ya gaya min duka. Ya ce tun tsakiyar Yuli kana rataye a ƙofar bas wata babbar mota ta goge ku, ta murƙushe maka hannun dama. Ya ce kana asibiti, likitoci sun daɗe suna shawarar ko a yanke ko a bari. Ya ce kai ka sa shi ya riƙa kira a madadinka, ka kuma sa shi ya yi alkawari zai sa /R, wai don na san bugunka, da na ga nasa zan gane. Ya ce wasiƙuna duka ya kai maka, ka karanta ka juya fuska bango, ya ce bari ya rubuta maka amsa ka ƙi, wai na san rubutunka ma. Har matar da ke ɗaukar waya an ja mata kunne.

Na zauna a nan ina zarginka da mata, kai kana can kana fama da hannu. Na yi kuka har 'yan masallaci suka dawo suka same ni a haka, Malam Ilu ya hau salati.

Amma kada ka ɗauka hawayen sun wanke ka. Fushina na yanzu ya fi na da. Wa ya gaya maka an ɗaura mana aure don kwanakin lafiya kaɗai? Me muka faɗa a gaban fasto? Ka mayar da ni baƙuwa, Edward ya san ciwonka, matar waya ta sani, ni ce kaɗai aka rufe wa allo.

Ka rubuto min ko da ƙafa ne.

Matarka,
Justina.

Legas,
18 ga Satumba, 1997.

Maman Lovelyn,

Alherin Ubangiji. Ki yi haƙuri da rubutun, hagu ce. An sallame ni. Ba a yanke hannun ba, amma yatsu uku sun tafi, ciki har da ɗaya daga biyun da kike yi wa dariya.

Wasiƙarki ta a'a a gadon asibiti ta same ni. Ban yi fushi ba, gaskiya kika faɗa. Abin da na ji tsoro shi ne da kin sani za ki jefar da aikin ki taho a guje, saboda tausayi, abin da kika ƙi yi da hankalinki. Ga shi ban san ko nawa aikin zai tsaya ba. Na ce bari na ji hukuncin likita tukuna. Mako ya zama wata. Da wasiƙar jaka ta zo na nemi biro, na kasa riƙewa.

Na ɗauka ina rufe miki ciwo ne. Ban yi tunanin abin da za ki gani a cikin baƙin ba.

Kada ki miƙa takardar nan, ina roƙonki. Juma'a mai zuwa zan je ofis, ni zan kira. Zai ɗauki lokaci.

Hannu ya gaji.

Naki,
Hezekiah.

Gumel,
29 ga Satumba, 1997.

Maigidana, Baban Lovelyn,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji wanda ya bar min kai da rai. Lafiyata lau. Wasiƙarka ta iso ran Asabar, bayan Juma'ar da ka yi alkawari, don haka ban san kai za ka kira ba. Rubutun kamar na 'yan aji ɗaya, amma na karanta shi tsaf.

Ran Juma'ar na zauna ina jiran saurin Edward. Sai na ga harafi ɗaya ya fito, ya tsaya. Wani ya biyo shi, ba daidai ba, aka koma aka goge. Na ce a raina, ga shi nan. Hadari ya haɗu ta wajen Maigatari, ina kallon taga ina kallon allo, ina roƙon Allah ya riƙe layin. Ba ka ma fara da rahoton ba. Ka kai "Maman Lovelyn, kin ci" sai aka yi tsawa, layin ya tafi. Na jira har aka tashi ofis, bai dawo ba.

To ga amsar: ban ci ba. Amma da na koma gida na dafa, na ci a zaune, na kai wa Iya Kyauta nata na ba ta haƙuri.

Takardar ajiye aiki na yaga ta. Aikina yana nan, ko naka ya tsaya ko bai tsaya ba za mu ci abinci, mu biya wa Lovelyn makaranta. Malam Ilu ya ba ni hutun mako biyu ba tare da na buɗe baki ba, ya ce shi zai riƙa rubuta JIRA kafin ya tafi masallaci. Na rubuta masa layin a takarda na manna a jikin kwamfuta, da /H a ƙarshe. Harafin nan ya zauna ke nan, ko na dawo ba zan cire shi ba. Ba don ban yafe ba, na yafe. Amma na gane kai mutum ne mai rufe wa mutane ido don yana ƙaunarsu, ni kuwa gara na gani.

Bayan hutun zan dawo Gumel, ka zauna a Legas ɗinka kai kaɗai, ni ma ni kaɗai, mu ci gaba da Juma'armu har Allah ya haɗa mu wuri ɗaya. In gaisuwa za ta ɗauke ka har la'asar, zan zauna ina kallo.

Jakar da na ɗaure don Mangu ban kwance ta ba, yadinka kawai na ƙara a sama. Jibi Malam Ya'u zai kai ni tashar Kano na shiga motar Legas, wataƙila ma na riga wasiƙar nan isowa. Kada ka ce za ka zo tarona a tasha da wannan hannun, Edward ya kwatanta min gidan. Ka zauna a ɗaki, ka bar ƙofa a buɗe.

Matarka,
Justina.